"Wa Ya Mutu?": Amsa Ga Masu Zuba Wa Wake Da Ɗakin Kwana Fiya-fiya



Akwai wata magana da ta zama garkuwa a bakin wasu 'yan kasuwarmu, daga Mile 12 zuwa Bodija, daga Sabon Shagamu zuwa Fatakwal. Da zarar an ce a daina zuba wa wake Sniper, ko a daina yayyafa fiya-fiya a ɗakin da mai ciki take kwana, sai ka ji an ce: "Shekara nawa ana yi, wa ya mutu?" Mai wannan magana gani yake ya kashe bakin kowa. To bai kashe namu ba, kuma yau za mu ba shi amsa, don abin da ake wasa da shi lafiyar 'ya'yanmu ce da ta jikokinmu.

Amsa ta farko gajeriya ce: an mutu. A 2008 an kwashi mutane sama da ɗari zuwa asibiti a Bekwarra ta jihar Kuros Riba bayan sun ci wake da alale, yara biyu suka rasu. A shekarar dai, ɗalibai mata sama da ɗari na wata makarantar sakandare a jihar Gombe sun kwanta bayan cin wake, hukumar NAFDAC kuma ta danganta abin da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda sinadarin da ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, wanda shi ne ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu waken da ya kai 4.6, wato ninki 460. Waken da Bature ya ƙi bai ɓace ba, cikin tukunyarmu ya dawo. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma duk wanda ya zaga tashar mota yau ya san ko dokar tana aiki.

Sai dai wannan ita ce cutar da take ihu. Wadda ta fi damunmu ita ce mai tafiyar hawainiya, wadda ba ta kayar da kowa a ranar, sai bayan shekara talatin ko arba'in ta fito da sunan ciwon suga, ko hawan jini, ko teɓar da ba ta jin magani. A lokacin babu mai tuna kwalbar da aka fesa a ɗakin jego. Za a ce gado ne, ko a ce shan lemon kwalba ne, a rufe magana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jikin ɗan Adam ma haka yake. A watannin da yaro yake ciki da shekarunsa na farko a duniya ne jiki yake saita ma'auninsa: yawan kitsen da zai riƙa ajiyewa, yadda zai riƙa jin ƙoshi, yadda hanta za ta sarrafa suga, yadda tsoka za ta amsa kiran insulin. Abin da ya taɓa wannan ma'auni a lokacin yana iya bin mutum har tsufa. Likitoci sun ga haka ƙarara a ƙasar Holan. Daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayun 1945 yaƙi ya jefa yammacin ƙasar cikin yunwa mai tsanani. Jariran da suke ciki a watannin nan an haife su, sun girma cikin wadata, amma da aka auna su suna da shekara hamsin sai aka ga jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ko aka ɗauki cikinsu bayanta. Kuma a cikin waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki, matan ne suka fi yin ƙiba, ba a ga haka a mazan ba. Idan rashin abinci na 'yan watanni zai bar tabo na rabin ƙarni, me zai sa mu ɗauka guba ba za ta bari ba?

An kuwa gwada. Akwai wani maganin feshi da ake rubutawa Chlorpyrifos a jikin kwalba, manomanmu na kayan lambu sun san shi, kuma dangi ɗaya suke da DDVP, duka jijiyar ƙwaro suke kamawa ta hanya guda. A 2005 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Theodore Slotkin, sun ba jariran ɓeraye ɗan kaɗan daga wannan magani a kwana huɗun farko na rayuwarsu. Adadin bai kai ya sa su ko rashin lafiya ba, sun ci gaba da tsotso, sun girma lafiya lau a ido. Da suka zama manya aka auna jininsu, sai aka tarar mazan kitse ya yi yawa a jininsu, kuma in sun ci abinci insulin ɗinsu yana hawa fiye da ƙima, alamar da ke zuwa kafin ciwon suga. Matan ba su nuna wannan ba. Kwana huɗu kacal, a adadin da mai cewa "wa ya mutu" zai rantse ba komai ba ne.

Kada wani ya ce ashe mata sun tsira. A 2014, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Michele La Merrill da abokan aikinta sun ba ɓeraye masu ciki DDT. A wannan karon 'ya'ya matan ne abin ya fi kamawa: jikinsu ya rage ƙona abinci, ba sa jure sanyi, kuma da aka ba su abinci mai maiƙo sai insulin ya daina yi musu aiki yadda ya kamata. Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Tun a ciki, sinadaran namiji da na mace ne suke tsara yadda hanta da kitse za su yi aiki, kuma magungunan ƙwari da dama suna kutsawa cikin wannan tsari, wasu ma suna kwaikwayon sinadarin mace. Don haka wani maganin ɗa namiji zai fi yi wa illa, wani kuma 'ya mace. Gidan da ake fesa wannan a sito, a yayyafa wancan a ɗaki, bai bar kowa a baya ba.

Za a ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ba jaririn mutum guba don ya ga abin da zai faru. Amma akwai mutanen da rayuwa ta riga ta ba su, aka bi sawunsu. A garin Oakland na Kalifoniya, daga 1959 zuwa 1967, lokacin da ake fesa DDT ko'ina a Amurka, an ɗebi jinin dubban mata masu ciki aka adana. Amurka ta hana DDT a 1972, amma binciken bai tsaya ba. A 2015 aka gano cewa 'ya'ya matan da iyayensu suka fi yawan wani nau'in DDT a jini sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar mama kusan ninki huɗu. A 2021 aka kai kan jikoki mata, waɗanda aka haifa shekaru bayan an hana maganin, sai aka ga haɗarin ƙiba ya ninka biyu zuwa uku a wurin waɗanda kakanninsu suka fi ɗaukarsa, kuma sun fi saurin fara al'ada. Yaya aka yi guba ta tsallaka har hawa uku? Jaririya mace tun tana cikin mahaifiyarta take haɗa duk ƙwayayen haihuwar da za ta yi amfani da su a rayuwarta. Ke nan matar da take ɗauke da cikin 'ya mace, irin jikokinta ma yana jikinta. Wanda ya fesa mata guba, mutum uku ya fesa wa.

DDT da Gamalin dangi ɗaya ne, masu laɓewa a cikin kitsen jiki. Gamalin ɗin da wasu suke sa wa goro don kada ya yi sankara, ko su zuba a ruwa su kwashi kifi, sinadarinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009, kuma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar. DDVP shi ba ya daɗewa a jiki haka, amma wannan ba abin murna ba ne ga wadda take shaƙarsa kowane dare kuma take cin sa a wake kowace safiya.

Yanzu mu zo kan hujja ta biyu da ake yawan kawowa: "Ga wane nan, a cikin sito aka haife shi, a kan buhun wake ya yi rarrafe, ƙato ne yanzu ba abin da ke damunsa." Mun yarda akwai irin wane. Amma lafiyar wane ba ta zama lamuni ga ɗan kowa ba, don ba jiki ɗaya aka ba mu ba. Hantar mutum tana yin wani sinadari mai suna PON1, wanda aikinsa ya haɗa da karya wasu magungunan wannan dangi kafin su yi ɓarna. Yawansa da ƙarfinsa gado ne. A kwarin Salinas na Kalifoniya, inda aka daɗe ana bin lafiyar 'ya'yan leburorin gona, an auna shi a jinin iyaye mata da jariransu, aka ga na jariri bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na na uwarsa ba, kuma tsakanin jariri da jariri bambancin ya haura ninki ashirin. Daga baya aka ga yaro yana iya kai shekara bakwai bai cimma manya ba. Ke nan feshin da maigida ya shaƙa ya yi atishawa ya wuce, a jikin ɗan wata uku wani abu ne daban, kuma a jikin 'yan wata uku guda biyu ma ba ɗaya ba ne.

Ga wanda ya fi shafarmu. A ƙasar Denmak an bi 'ya'yan matan da suka yi aiki a gidajen rainon furanni suna da ƙaramin ciki, inda ake feshi. Da yaran suka kai shekara 6 zuwa 11 aka auna su, aka wallafa sakamakon a 2012. Yaran da suke ɗauke da nau'in PON1 da ake kira R, kuma feshi ya riske su a ciki, su ne aka samu da faɗin ciki da hawan jini fiye da sauran. Masu nau'in R da feshi bai taɓa ba lafiyarsu ƙalau, haka ma waɗanda feshi ya taɓa amma ba su da R ba su nuna wannan ba. Sai an haɗa biyun. Wannan nau'i na R kuwa ya fi yawa a jikin baƙar fatar Afirka fiye da Turawa, kusan ninki biyu. A Jami'ar Rovira i Virgili ta ƙasar Sifen ma an ga irin haka da wata ƙwayar gado mai suna APOE, mai kula da zirga-zirgar kitse a jini: ɓerayen da aka sa wa nau'in E3 na mutum, wanda mafi yawan mutane suke ɗauke da shi, su ne suka fi yin ƙiba da alamun suga da aka sa musu maganin feshi a abinci.

A nan ne maganar "gado ne" take rushewa. Gado ƙasa ce, sai an jefa mata iri take fitar da tsiro. Mutum zai iya gadon rauni ya rayu shekara tamanin raunin bai tashi ba, in ba a tsokane shi ba. Tunda kuwa babu ɗayanmu da ya san nau'in da ɗansa ya gada, kuma babu asibitin unguwa da yake auna wannan, duk mai fesa guba kusa da mai ciki caca yake yi da abin da bai san ƙarshensa ba.

Ba mu ce maganin ƙwari ne kaɗai ke kawo ciwon suga ba. Farar shinkafa kullum, lemon kwalba, zama a shago daga safe zuwa dare, duk suna da nasu kason, kuma babba ne. Wani nazari da likitocin Najeriya suka haɗa a 2018 ya nuna kusan mutum 6 cikin 100 a ƙasar nan suna da ciwon suga. Amma babba shi yake zaɓar abin da zai ci. Ɗan tayi ba shi da zaɓi, abin da uwa ta shaƙa ta ci shi yake samu. Kuma binciken ɓerayen nan ya nuna abu biyun taimakon juna suke yi: guba ta raunana ma'auni tun ana jariri, abincin birni ya zo ya ƙarasa. 'Ya'yanmu da suke tashi a Legas da Ibadan duka biyun suke fuskanta.

Ɗan kasuwa zai ce: "To in bar ƙwari su cinye min jari?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Mun san yadda zafi da laimar kudu suke sa buhun wake ya huhhuje cikin 'yan makonni, mun san asarar tirela guda tana iya durƙusar da gida. Amma mafita ta daɗe da samuwa. Buhun PICS mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, a arewacin Kamaru aka fara gwada shi, a yankin Marwa, tare da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka. Tun 2007 ake yaɗa shi a Najeriya da Nijar, kuma a Kano ma ana ƙera shi. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda da kyau, iska take ƙarewa, ƙwaron ya mutu da kansa, ba ko ɗigon magani. Buhun yana yin shekaru in ba a huda shi ba. Duro ko jarka mai murfi da aka cika fal aka toshe, aikin ɗaya suke yi. Kakanninmu da toka da yashi da zafin rana suka ajiye wake daga kaka zuwa bazara. A lissafa kuɗin buhu mai hawa uku, sannan a tambayi duk mai sayen insulin ko mai kai ɗan uwansa wankin ƙoda nawa yake kashewa a wata. Araha ba ta ado.

Uwar gida za ta ce sauro da kuɗin cizo ne suka ishe ta. Su ma gaskiya ne, kuma zazzaɓin cizon sauro yana da haɗari ga mai ciki. Amma maganin gona ba a yi shi don ɗakin kwana ba. DDVP tururi yake yi, shi ya sa yake aiki a rufaffen wuri, kuma ɗakunanmu na haya ƙanana ne, taga ɗaya, nan ake kwana, nan ake ajiye abinci, nan jariri yake rarrafe yana kai hannu baki. Gidan sauro da ake bayarwa a wurin awon ciki ya fi kowane feshi kare uwa da ɗa. Kuɗin cizo kuwa tafasasshen ruwa da shanya katifa a rana da toshe tsagogin gado suna rage shi ƙwarai. Masu shayarwa kada su ji wannan bayani su yaye yaro: nonon uwa shi ne mafi alheri gare shi, gubar za a raba da gidan.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma daga cikinmu ya kamata a fara. Sarakunan Hausawa da shugabannin sassan wake, goro, busasshen kifi da hatsi su kafa doka a kasuwanninsu cewa ba a zuba maganin gona a kan abinci, su sa tara, su kuma aiwatar da ita ko a kan ɗan wa ta faɗa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su riƙa sarin buhun PICS daga Kano, motar da ta kawo wake ta zo da shi. Dillalai su riƙa tambaya tun daga Dawanau yadda aka adana kaya, don mai saye in ya fara tambaya mai sayarwa yana gyarawa. Masu sa ƙwayar Phostoxin a sito su sani iskar da take fitarwa tana kisa, ba a amfani da ita a ginin da mutane suke kwana. 'Yan uwanmu masu noman lambu a bakin rafukan kudu da masu aikin feshi a gonakin koko, kada mai ciki ko mai goyo ta shiga gonar da aka fesa, kada ta wanke kayan feshin, kada a mayar da kwalbar magani mazubin mai ko ruwa. A yi wanka a canza kaya kafin a ɗauki yaro. Masu sayen wake kuma su daina gudun mai ɗan ƙwaro suna rububin wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa. In wake yana warin magani a bar shi. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, amma ba sa fitar da duka.

Hukuma ma da nata. Amurka ta cire wancan maganin da aka gwada a Duke daga amfanin gida tun 2000, Turai ta hana shi baki ɗaya a 2020. Dokar da NAFDAC ta kafa a 2019 ba za ta yi amfani a takarda ba matuƙar ana tallar kwalaben a tire tare da ashana. Amma ba za mu zauna jiran jami'i ya zo ya kare mana 'ya'ya ba, alhali sito namu ne, ɗaki namu ne.

Akwai kuma maganar suna. Kaso mai yawa na abincin da kudu take ci ta hannunmu yake biyowa, kuma abin da ya riƙe wannan ciniki shekara da shekaru shi ne amana. Duk lokacin da bidiyon wani yana zuba wa wake Sniper ya bazu, kamar yadda ya faru a Legas a 2018, ba a tambayar sunan mutum ɗaya, wake ɗaya ne yake ɓata gari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda ya sake tambayar "wa ya mutu", a ce masa ya je layin masu ciwon suga a babban asibitin da ya fi kusa da shi ranar da suke ganin likita, ya ƙirga waɗanda ba su kai shekara arba'in ba. Ba kowa a cikinsu guba ta kai can ba, amma babu wanda zai iya rantsuwa cewa babu hannunta, kuma babu uban da zai so a ce da hannunsa ya ƙara wa ɗansa ko jikarsa nauyin wannan layi. A karanta wa waɗanda ba sa karatu, a kai maganar majalisa da taron suna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.